Injin da ya niƙa dutsen zinare, ya dace a niƙa hatsi da shi?

Malamin Makaranta, Anka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta hana ni sukuni tun makon jiya, kuma na ga ya fi dacewa in kawo ta gaban masu sani a wannan zaure. Na je ta'aziyya wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba, sai na tarar da injin niƙa guda ɗaya a bakin kasuwa, wanda da hantsi samari ke zuba masa dakakken dutse da suka kawo daga ramin zinare, bayan la'asar kuma 'yan mata suka jeru da kwanukan dawa da masara domin niƙan tuwon dare. Da na tambayi mai injin, sai ya ce mini kafin ya karɓi niƙan mata yakan fara zuba tiya ɗaya ta dusa ta wanke cikin injin, sannan ya ba awakinsa dusar. Ni ina cikin waɗanda suka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a wannan yanki na Zamfara a shekarar 2010, don haka jikina ya yi sanyi. Tambayata ita ce, shin wannan wankin dusa yana isa ya fitar da dalmar da ke cikin garin dutsen daga inji, ko kuwa muna komawa inda muka fito ne ba tare da mun lura ba?

Ma'aikaciyar Jinya, Gusau

Wa alaikumus salam Malam. Amsa a taƙaice ita ce bai isa ba, ko kusa. Garin dutsen yana maƙalewa a tsakanin farantan injin da kowane lungu na cikinsa, kuma abin da ke iya cutar da yaro ɗan shekara biyu bai kai abin da ido zai gani ba. Awakin da ake ba dusar su ma an cuce su, an kuma cuci mai cin hantarsu da ƙodarsu, domin a cikin naman da ake ci, a nan dalma ta fi taruwa.

Bari in tuna wa matasan zauren abin da ya faru, saboda da yawansu suna ƙanana a lokacin. A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, wato MSF, suka lura da yawan mace-macen yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka. Yaran sukan fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai su sume, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa yi musu aiki. Kafin nan agwagi ne suka fara mutuwa a ƙauyukan, amma babu wanda ya kawo a ransa cewa gargaɗi ne. Da aka gwada jinin yaran sai aka ga dalma ce. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. A cikin yaran da aka gwada kuwa, kashi 97 cikin 100 suna da dalmar da ta kai maikurogiram 45 a kowane desilita na jini, wanda shi ne matakin da ake fara ba da maganin fitar da ita. Jimillar yaran da suka rasu a 'Yar Galma da Dareta da Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza da Bagega da kewayensu ta haura 400.

Tsohon Mahaƙi, Bukkuyum

Hajiya, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma ni ba labari aka ba ni ba, domin da hannuna na ɗauki buhun dutse na kai shi tsakar gidana. Amma ina roƙon zauren nan da kada a ɗauke mu mutanen da ba su san darajar 'ya'yansu ba. Iyayenmu sun wanke zinare a rafi shekaru aru-aru babu wanda ya mutu. Abin da ya canza shi ne farashin zinare ya tashi, aka shigo da injunan niƙa, aka kuma faɗa kan wata jijiyar dutse mai dalma da yawa, wadda ba mu san bambancinta da sauran ba. Mun kai dutsen gida ne saboda tsoron ɓarayi, kuma saboda matanmu da ke cikin kulle su ma su daka su sami nasu rabon. Turmin da aka daka dutse da safe shi ne aka yi surfe da shi da yamma, tabarmar da aka shanya garin dutse ita ce aka shanya tsaki a kanta, yaro mai rarrafe kuma yana tsakiya yana sa hannu a baki. Mai injin da Malam ya gani ba mugu ba ne. Kuɗin inji biyu ne ba shi da shi, kuma niƙan buhun dutse ɗaya ya fi masa niƙan kwano hamsin na dawa riba.

Malamin Makaranta, Anka

Baba, Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa. Ban kawo maganar don zargi ba, kuma na yarda mai injin bai yi da mugun nufi ba. Sai dai rashin sani uzuri ne a 2010, yanzu kuwa an wuce nan. Abin da ya fi damuna a matsayina na mai koyarwa shi ne yaran da suka tsira da rai. Na koyar da wasu daga cikinsu, kuma na ga yaro mai natsuwa da son karatu wanda za ka maimaita masa abu sau goma ya tashi bai riƙe ba, a gida kuma ana yi masa faɗa ana kiransa daƙiƙi. Wannan asarar ba ta shiga lissafin kowa.

Ɗalibar Kimiyyar Abinci, Zariya

Malam, ka taɓo inda ya fi ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma illar da ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. Shi ya sa ma CDC ta yi ta sauke ma'aunin da take kira abin damuwa, daga maikurogiram 10 zuwa 5 a 2012, sannan zuwa 3.5 a 2021. Yaro ƙarami yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa, kuma idan cikinsa babu abinci, ko yana da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko na kalsiyam, to hanjinsa ya fi karɓarta, domin jiki yana ɗaukarta tamkar ita ce kalsiyam ɗin, ya kai ta ya ajiye a ƙashi da haƙori. Mace da ta shaƙi ƙurar tun tana budurwa tana iya ɗauke da ita a ƙashinta shekaru, sai lokacin da ta sami juna biyu dalmar ta sake fitowa cikin jini ta ratsa mahaifa zuwa ga ɗan tayi.

Game da abinci, akwai abin da nake so manoma su ji domin hankalinsu ya kwanta. Abin da aka gano a Zamfara shi ne yawancin dalmar da ke cikin tuwo da kunu ba daga gona hatsin ya ɗauko ta ba. Bayan girbi ne take shiga, a wurin sussuka da shanya a ƙasa da daka da niƙa da ajiye gari a buɗe cikin gida mai ƙura. Wannan yana nufin gyaran yana hannunmu: a ware inji da turmi da buhu da tabarma na abinci kawai, a daina shanya a dandariyar ƙasa, a rufe gari da dafaffen abinci, a wanke hannun yaro da sabulu kafin a ba shi. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutse kada ya sake ɗaukar gero, ko da an kakkaɓe shi.

Uwar Yara, Talata Mafara

Ƙanwata, na gode da wannan bayani. Ni tambayata a kan ruwa take. Tun da aka yi ta faɗakarwa a kan kwalara nake tafasa ruwan rijiyarmu kafin in zuba a randa, wani lokaci kuma ina sa maganin kulorin. Maigidana yana zuwa wurin haƙa lokacin rani, kuma a bakin rijiyar nake wanke masa tufafi. Shin tafasawar tana kashe dalmar kamar yadda take kashe ƙwayoyin cuta?

Injiniyan Ruwa, Minna

Hajiya, ki ci gaba da tafasa ruwa saboda kwalara da taifod, amma ki sani dalma ba halitta ba ce balle zafi ya kashe ta. Ƙarfe ce, kuma idan ruwa ya daɗe yana tafasa yana ƙonewa, abin da ya rage a tukunya ya fi na farko yawan dalma. Kulorin ma ba ya cire ta. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada ta wuce maikurogiram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha, kuma da tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gwada ruwan ƙauyukan a ƙarshen 2010 ta sami rijiyoyin da suka zarce wannan ma'auni, kududdufan da ake wankin zinare kuwa, waɗanda dabbobi ke sha yara ke iyo a ciki, sun fi muni. Sai dai abin lura shi ne dalmar ta sama take shiga rijiya, ta hanyar ƙurar da iska ke zubawa da laka da ruwan damina ke korowa da gugar da ake ajiyewa a ƙasa sannan a sake jefa ta. Don haka rijiyarki tana buƙatar ginannen baki mai tsayi da murfi da daɓen siminti mai gangara zuwa waje, guga kuma a rataye ta. Abin da ya fi gaggawa shi ne ki daina wanke kayan aikin maigida a bakin rijiyar daga yau. Ya kamata ya sami kayan aiki dabam da yake barin su a can, ya yi wanka kafin ya shigo gida, ya bar takalmansa a waje, kuma kada ya ɗauki jariri da rigar da ya yi aiki da ita.

Mu a Jihar Neja mun ɗanɗana wannan a 2015, lokacin da yara 28 suka rasu a yankin Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi, shekara biyar kacal bayan na Zamfara, kuma ta hanya iri ɗaya. Wani abin kirki da ya fito daga can shi ne gwajin da MSF da abokan aikinta suka yi tare da mahaƙan, inda aka riƙa fesa ruwa a bakin injin yayin niƙa, aka ga dalmar da ke cikin iska ta ragu da kusan kashi 95 cikin 100. Ƙurar dutsen ma, ko babu dalma a cikinta, tana daskarar da huhun mai niƙa a hankali, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Akwai kuma zaiba da ake kama zinaren da ita sannan a ƙona, wadda hayaƙinta ba shi da wari amma yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma har yanzu akwai masu ƙona ta a murhun da ake dafa abinci.

Mai Nazarin Shari'a, Abuja

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina girmama masu ba da shawarar rufe rijiya da wanke hannu, amma ina jin tsoron muna ɗora wa uwa da mai inji nauyin da na hukuma ne. A tsarin mulkin Najeriya ma'adinai suna ƙarƙashin ikon gwamnatin tarayya kaɗai, akwai dokar ma'adinai ta 2007, kuma a shekarar ce aka kafa hukumar NESREA domin tabbatar da bin dokokin muhalli. Ku tuna da Bagega. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai tun 2010 zuwa farkon 2011, amma Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013, bayan matasa sun yi ta gangami a intanet da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun matsa lamba kafin a saki kuɗin aikin. Likitoci kuma ba sa iya fara ba yaro magani alhali zai koma ya kwana a kan ƙasar da ta sa masa ciwon, don haka yaran suka zauna jira. Ra'ayina shi ne a hana niƙa dutse a cikin gari hani mai tsanani, a kuma hukunta duk wanda aka kama, har da dillalan da ke sayen zinaren.

Tsohon Mahaƙi, Bukkuyum

Ɗana, na yarda da rabin maganarka. A kama dillalin da ke cin riba yana zaune a birni, wannan ban ƙi ba. Amma hani mun gan shi. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, ba a ɗage ba sai a Disamba na 2024, kuma duk wanda ke zaune a nan ya san haƙa ba ta tsaya ba. Abin da hani ke yi shi ne ya kori aikin daga fili zuwa ɓoye, kuma babu wurin ɓoyo da ya wuce bayan ɗaki, inda jami'i ba ya shiga amma yaro yana wasa. Mutumin da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona, aka sace masa shanu, ba za ka ce masa ya bar dutse ya zauna da yunwa ya saurare ka ba. A ware mana fili nesa da gari, a kewaye shi, a haƙa rijiyar burtsatse domin niƙa da ruwa, a yi wurin wanka da ɗakin ajiya mai makulli da mai gadi, sannan a hana kai dutse gida. A lokacin ne hanin zai yi ma'ana, kuma mu da kanmu za mu kai ƙarar wanda ya saɓa wurin mai gari.

Mai Nazarin Shari'a, Abuja

Baba, na karɓi gyara a kan hani na gaba ɗaya, domin hujjarka ta fi tawa ƙarfi. Inda ban sauka ba shi ne batun inji ɗaya ga dutse da hatsi. Wannan ba ya jiran rijiyar burtsatse ko kasafin kuɗi, kuma hakimi da jami'in duba-gari na ƙaramar hukuma suna da ikon hana shi a yau.

Ma'aikaciyar Jinya, Gusau

Ina so in ƙara wani abu saboda 'yan'uwan da ke Kano da Maraɗi da sauran wurare masu ganin wannan matsalar masu haƙa ce kawai. Kwallin da muke sa wa jarirai a ido, da yawansa daga dutsen galina ake yin sa, wanda shi ne ainihin dutsen dalma. A 2012 CDC ta wallafa rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston na Amurka da aka sami dalma a jininsa, da aka bi diddigi sai aka ga daga kwallin da aka kai masa daga Najeriya ne, kuma gwaji ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na kwallin dalma ne. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga. Haka kuma tsofaffin baturan mota da na sola da ake fasawa a narka a cikin unguwa. A wata unguwa da ke gefen Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sanadiyyar wannan sana'a.

Malamin Islamiyya, Sakkwato

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na san wasu za su ji nauyin maganar kwalli saboda sunna ce, don haka ina so in faɗi abin da na fahimta. Abin da ya zo a hadisi shi ne ismidi, kuma ba kowane baƙin dutse mai ƙyalli da ake sayarwa a kasuwa ne ya zama ismidi don kawai an kira shi kwalli ba. Ƙa'idar shari'a ita ce ba a cuta kuma ba a cutarwa, saboda haka idan masana sun tabbatar cewa wani nau'i yana da guba, barin sa wa jariri shi ne daidai har sai an sami wanda aka gwada aka tabbatar da tsabtarsa. A kan injin kuma, wanda ya karɓi kuɗin niƙa daga hannun mata alhali an sanar da shi abin da ke cikin injinsa, to amana ce ya ci. Zan yi huɗuba a kai, kuma ina roƙon Hajiya ta duba mini bayanan lafiyar kafin in hau mumbari domin kada in faɗi abin da ba daidai ba.

Uwar Yara, Talata Mafara

Hajiya, autana ɗan shekara biyu ne, kuma lafiyarsa ƙalau a ido, yana cin abinci yana wasa. Tunda na daɗe ina wanki a bakin rijiyar, akwai alamar da zan duba a jikinsa, ko akwai abin da zan jiƙa masa ya wanke cikinsa?

Ma'aikaciyar Jinya, Gusau

Yayata, kada ki jira alama, domin yawancin yaran da dalma ke yi wa illa ba sa nuna komai sai abin ya yi nisa, kuma rashin cin abinci da yawan kuka da taurin bayan gida da ƙarancin jini duk suna kama da wasu cututtukan. Gwajin jini ne kawai ke nunawa, don haka ki kai shi babban asibiti ki faɗa wa likita sana'ar mahaifinsa ƙarara, ki nemi a gwada dalma ko a tura ku inda ake gwadawa, ke ma a gwada ki idan kina da ciki ko kina shayarwa. Babu jiƙo ko madarar da ke wanke dalma daga jini. Maganin da aka yi amfani da shi a Zamfara, Succimer, yana kama ta ne ya fitar da ita ta fitsari, likita ne kaɗai ke ba da shi bayan ya ga sakamakon gwaji, kuma ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Kafin ku je, ki riƙa ba shi abin kari da wuri kada ya yi wasa a ƙasa da cikin yunwa, ki yawaita masa wake da zogale da ƙwai da nono, ki shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, kuma ki yayyafa ruwa kafin shara ki goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya busasshiya.

Malamin Makaranta, Anka

Na gode muku baki ɗaya. Ranar kasuwa mai zuwa zan koma ƙauyen tare da wani jami'in lafiya, mu fara zama da mai gari da liman kafin mu je wurin mai injin, domin ba na so ya ji an zo tozarta shi a gaban jama'a. Abin da zan nema shi ne matan su daina kai niƙa wurinsa nan take, ko da za su koma daka a turmin da bai taɓa ganin dutse ba, sannan masu dutsen su haɗa kuɗi a sayi inji na biyu na hatsi kawai, tunda su ne suka ɓata na farkon. Injiniya, ina buƙatar ka faɗa mini ko sauya farantan tsohon injin da wanke shi da ruwa zai sa ya koma na abinci.

Injiniyan Ruwa, Minna

Malam, ban ba da wannan shawarar ba. Garin yana shiga mazubi da bututun fita da kowace tsaga ta jikin injin, kuma babu mai na'urar gwaji a ƙauyen da zai tabbatar ya fita. A bar tsohon ga dutse, a ɗauke shi daga bakin kasuwa zuwa bayan gari ta ɓangaren da iska ba ta kaɗowa cikin gidaje. Sabon injin kuma kada a kafa shi a rumfar tsohon, domin ƙasar wurin ta riga ta sha ƙura. Sai an kankare samanta kamar kaurin yatsu uku, an kai an binne a rami mai nisa da rijiya da gona, an zubo sabuwar ƙasa daga wuri mai tsabta, kamar yadda aka yi a gidajen Dareta da Bagega. Masu kankarewar su jiƙa ƙasar tukuna, su rufe hanci da baki, kuma a kori yara daga wurin har a gama.